A Gidanmu Ba a Yi wa Mamaci Tafi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da tsakar rana, Allah ya karɓi ran Seu Otacílio Bezerra, mai gidan kiɗa da barkwanci na Kifi Mai Tari da ke unguwarmu ta bakin teku a Fortaleza, ƙasar Brazil. Ya ci abincin rana, ya kwanta a gadon lilonsa na bayan kicin, bai sake tashi ba. Mahaifiyata ce ta je tashinsa ya sha kofi. Ni ina makaranta. Da na dawo na hango an sauke ƙofar ƙarfe rabi, sai na san ba lafiya, domin tun bayan kullen korona ban ga an sauke ta da rana ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. A shekaru biyun nan na ƙarshe, sunayen da yake kira a kan dandamali duk ranar Litinin ba shi yake tuna su ba. Ni nake raɗa masa su ta bayan kafaɗa.

Sunana Tainara. Ni 'yar Dona Aurilene ce, mai girkin gidan. A wajenmu Seu ake sa wa namiji a gaban suna don girmamawa, mace kuma Dona. Bara na gama firamare. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko a aji malama ta kira ni sai harshena ya yi nauyi, shi ya sa na rubuta wannan don a manna a bango kusa da hotonsa.

Vô, haka nake kiranka tun ina koyon magana, kamar yadda jikoki ke kiran kakansu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Kai kuma Rediyo kake ce mini. In baƙo ya shigo sai ka nuna ni ka ce, "Ga rediyon gidanmu nan, batir kawai muke jira tun da aka haife ta." Mutane su yi dariya, ni in ɓuya a bayan firji. Ban taɓa jin haushi ba. A gidan nan wanda ba ka tsokane shi ba, shi ne abin tausayi.

Mahaifiyata ta ce ta zo daga karkara ne a shekarar fari, da ni a goye da jakar leda ɗaya. Ta tsaya a ƙofarka tana neman wanke-wanke. Ba ka tambaye ta daga ina take ba, ba ka tambayi ina ubana ba. Ka miƙa mata ludayi ka ce ta ɗanɗana romon ƙaguwar da ka dafa. Ta ɗanɗana, ta kasa ɓoye fuskarta. Sai ka ce, "Madalla, na sami mai gaskiya. Shiga ki gyara, ni dama kashe mutane nake yi." Daren nan muka kwana a ɗakin da ake ajiye kujeru, kuma har yau a nan muke.

Tarihin gidan daga bakinka na ji shi, ina zaune a kan kwalin lemo kana ɓare jatan lande. Ka ce a farko rumfar ganyen kwakwa ce kawai a kan yashi, tun kafin dogayen otal-otal su tare mana iska. Kai masunci ne sai bayanka ya ƙi. Matarka Dona Celina tana soya kifi da wainar rogo, kai kana zuba wa masunta barasar rake idan sun dawo daga teku. Masunci kuwa in ya dawo hannu rabbana, ƙarya yake kawowa a madadin kifi. Wata rana wani mai suna Bené Torto ya rantse cewa ya kama kifin da ya yi masa tari sau biyu ya roƙe shi taba. Aka yi masa eho har karnukan unguwa suka taya. Washegari mutane suka dawo suna tambayar ko a nan ne wurin kifin nan mai tari. Sunan ya zauna ke nan.

Dandamalin farko ƙyauren ɗaki ne da aka ɗora a kan akwatunan giya. Mestre Nonato, wanda har gobe shi ke kaɗa mana akodiyan, kayan kiɗan nan da ake ja ana matsewa a ƙirji, ya fara hawansa yana saurayi, ƙyauren ya karye da shi a tsakiyar waƙa, bai daina kiɗa ba. Daga baya aka yi bulo, aka sa kwano, aka jawo wuta. Ka ce a zamanin soja wasu mutum biyu masu takalmi mai sheƙi suna zuwa su zauna a kusurwa su saurari abin da ake faɗa, ba sa dariya, sai ka riƙa aika musu kifi mafi ƙaya don bakinsu ya sami aikin yi. Teku ya taɓa shigowa ya kwashe kujeru. Gobara ta taɓa cin kicin. Da masu yawon buɗe ido suka yi yawa, manyan gidajen wasa suka buɗe a bakin titi da fitilu masu launi, suka kwashe maka 'yan barkwanci ɗaya bayan ɗaya. Ba ka riƙe kowa ba. Kana cewa, "Ku tafi ku ci kuɗin baƙi. In kun manta yadda ake faɗuwa, ku dawo gida mu tuna muku."

Kuma suna dawowa. Na sha ganin mutumin da ake nunawa a talabijin ya shigo da silifa ran Alhamis, ya zauna yana fasa ƙaguwa da ɗan katako kamar kowa, kai kana gaya wa teburin kusa yadda ya jiƙa wandonsa ranar da ya fara hawa. Duk sabon da ya hau ya kasa, ba ka bari ya fita ta ƙofar gaba. Ta kicin kake bi da shi, ka zaunar da shi, mahaifiyata ta zuba masa shinkafa da wake da cuku, ka tsaya a kansa sai ya cinye. Akwai wani yaro mai sayar da tabarau a bakin ruwa da ya yi kuka a cikin kwanon. Ka ce masa, "Kukan nan naka ya fi barkwancinka ban dariya. Mako mai zuwa da shi za ka fara." Ya dawo kuwa.

Amma abin da aka san gidan nan da shi, kiran Litinin ne. Da yamma, rana ba ta gama faɗuwa ba, kafin a taɓa ganga, sai ka hau dandamali ka kira duk wanda ya taɓa wasa a gidan ya rasu. Ba ka yabonsu. Kowa sai ka faɗi ranar da ya fi shan kunya a kan dandamalin nan, sannan jama'a su yi masa ehon nan namu mai tsini, iyeeei, har kwanon rufi ya amsa. Bené Torto da kifinsa ne farko. Sai mawaƙin da ya yi wa amarya waƙa da sunan tsohuwar budurwar ango. Sai mai dabon da kurciyarsa ta tashi ta shiga tukunyar miya. Haka har a zo kan ta ƙarshe, Dona Celina, wadda ta ja murya sama a wata waƙar soyayya haƙoran robarta suka fita suka faɗa cikin romon wani mutum, shi kuma ya tsamo ya miƙa mata, ta mayar ta ƙarasa waƙar. Ita kullum a ƙarshe kake sa ta, ko an yi sabon rashi.

Wani baƙo ya taɓa tashi ya ce wannan rashin ladabi ne ga matattu. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, tafi na baƙo ne, kowa ma ana yi masa. Eho sai ɗan gida. A gidanmu ba a yi wa mamaci tafi."

Na koyi sunayen ne a lokacin kulle. An rufe gidan wata da watanni, kujeru a kife a kan tebura, makaɗa kowa yana gidansa. Duk da haka ran Litinin sai ka yi wanka, ka sa farar rigarka, ka hau dandamali ka kira su ga kujerun. Ba mai yin eho. Mahaifiyata tana jin abin tsoro ne, takan shige ɗaki. Sai ka ce in zo in yi. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ka jira, ka sake jira, sannan ka ɗauko ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake kaɗawa tare da ganga, ka sa mini a hannu ka ce, "To rediyo, in ba murya, ga ƙararrawa. Duk sunan da na kira ki buga, kada su ce ba kowa a gida." Haka muka yi mu biyu har aka buɗe gari. A watannin nan sunaye suka ƙaru, kuma ban ga ka tsallake ko ɗaya ba. Da mutane suka dawo sai ka bar ni a wurin, a bayan kafaɗarka ta hagu, ina buga ƙarfen tsakanin suna da suna.

Mantuwa ta fara maka a hankali. Ka sa gishiri a kofi. Ka kira mahaifiyata da sunan wata da ta yi aiki a gidan kafin a haife ni. Wata Litinin ka kai kan mai dabo ka tsaya, na ga bayan wuyanka yana zufa. Sai na buga ƙarfen da ƙarfi, a ƙarƙashin ƙararsa na faɗi sunan. Ka ɗauka ka ci gaba kamar ba komai. Ba mu taɓa yin maganar ba. Daga ranar sai ka riƙa matsowa baya kaɗan, ni kuma in sauko da gashina ya rufe bakina. Labaran suna nan a kanka, sunayen ne suke zubewa. In na ba ka suna, sauran sai ya zo da kansa.

Sai wata Litinin ta watan Nuwamban bara. Gidan ya cika. Muka zo ƙarshe, ka yi shiru, na buga na ce, "Celina." Ka juyo ka dube ni, makirufo yana bakinka, ka ce, "Wace ce Celina?"

Gidan ya fashe da dariya. Mutane suna dukan tebur, wata mata har da hawaye. Sun ɗauka sabon barkwanci ne, mijin da ya shekara arba'in da mace yana tambayar wace ce. Wani ya yi ihu daga baya, "Tsoho ya ga sabuwa!" Mestre Nonato ya ja akodiyan, jama'a suka miƙe tsaye suna yi maka tafi. Ni kaɗai nake ganin idonka. Ba wasa kake yi ba. Ka tsaya kana murmushi irin na yaron da ya ɓata a kasuwa, har na kama hannunka na sauko da kai. Ranar ba a faɗi labarin haƙoran ba, ba a yi wa Dona Celina eho ba, kuma ba wanda ya lura.

Washegari da na dawo daga makaranta na same ka a ƙarƙashin hotonta, kwanon jatan lande a cinyarka ba ka ɓare ko ɗaya ba. Hankalinka ya dawo sarai. Ka ce in zauna.

"Rediyo, jiya na faɗi."

Na jawo kwalin lemo na zauna. Ka ci gaba.

"Faɗuwar da ban taɓa yin irinta ba, a cikin gidana, a gaban mutanena, kuma suka yi mini tafi. Kin san yadda abin yake? Kamar mutum yana nutsewa, na bakin gaɓa suna ɗaga masa hannu."

Na ce, "Vô, ba su sani ba ne."

"Ai shi ne ciwon, 'yar nan." Ka share hanci da bayan hannu, sannan ka yi 'yar dariya. "Ki ajiye mini wannan. Shekara da shekaru ina tunanin me za su faɗa a kaina in na tafi, ashe sai yanzu na samu. Kada ki bari su sallame ni kamar baƙo."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na ɗauka akwai sauran lokaci, kuma na ɗauka kafin nan wani babba zai sani, ya ɗauke mini.

Yanzu gidan shiru. Gadon lilonka yana nan a rataye, mahaifiyata ta kasa kwance shi. Da la'asar, lokacin da muke zama, nakan ɗauko kwalin lemon in zauna a inda na saba, sai in rasa inda zan sa idona. A makaranta ba ni da wadda nake zama da ita. A da ban damu ba, domin duk abin da na gani nakan adana in kawo maka, kai kuma ka mayar da shi abin dariya. Shekaranjiya akuya ta shigo filin makaranta ta cinye takardar jarrabawar wani yaro. Na riƙo labarin har ƙofar gida kafin in tuna.

Ɗanka Seu Gilvan ya iso daga São Paulo ran jana'iza. Mutumin kirki ne, ya rungume mahaifiyata ya ce ba mai tashinmu daga ɗakinmu, kuma gidan ba zai rufe ba. Addu'ar bakwai ta faɗo ran Litinin, sha bakwai ga wata. Ya ce bayan an fito daga coci za a buɗe, a yi shiru na ɗan lokaci, a yi maka tafi, sannan a yi kiɗa. Ina goge tebur na ji su da Mestre Nonato.

"Tafi? Kai Gilvan, São Paulo ta toshe maka kunne ne? A gidan nan?"

"Mestre, ubana ne. Ba zan tsaya a yi masa eho kamar ɓarawon kaza ba."

"Uwarka fa? Shekara nawa ana yi mata, ka ji ta kawo ƙara?"

"To na ji. Wa zai kira? Kai ka san su duka?"

Mestre Nonato ya fara lissafi da yatsu, ya kai wani wuri ya cije. Ya ce shi kiɗa ya sani, in ana kira hankalinsa yana kan maɓallai.

"Ka gani? Kuma ko an kira, me za a ce a kansa? Faɗa mini rana ɗaya da Baba ya sha kunya a kan dandamalin nan."

Mestre ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce, "Tsohon nan ɗan nema ne, bai bar mana ko ɗaya ba."

Ina tsaye da tsumma a hannu, tsakanina da su tebur ɗaya. Ni na san ranar. Na ji tsoron muryata, na kuma ji tsoron fuskar Seu Gilvan in ya ji cewa ubansa ya manta sunan uwarsa. Kai ka ɓoye abin nan da ƙarfinka duka, ni ma na taya ka ɓoyewa. Na kwana biyu ina tambayar kaina ko tona maka asiri zan yi. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga ka a tsaye ana yi maka tafi, kana neman wanda ya gane.

Seu Gilvan, in ka karanta wannan ka yi haƙuri. Bai manta da ita don ƙaramin so ba. Duk ranar Allah sai ya goge gilashin hotonta da gefen rigarsa, har ranar da ya rasu. Ciwo ne ya ɗauke sunan na yini ɗaya, kuma shi da bakinsa ya ce a faɗa.

Na san wanda ya karanta takardar nan ya riga ya ji labarin. Sai dai takarda ba ta hawa dandamali, kuma ba a yi mata eho. A gidan nan abin da ba a faɗa da baki ba, ba a faɗe shi ba.

Jiya da safe kafin makaranta na gangara bakin teku, can inda ake jan kwalekwale, na juya wa gari baya na gwada. Abin da ya fito kamar kukan 'yar kyanwa. Na sake. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ɗago ta ce, "Ke 'yar Aurilene, wa ya yi abin kunya da sassafen nan?" Na ce, "Vô ne." Ta dube ni, ta ajiye wuƙarta, ta ce, "Ba daga wuya ake yi ba, daga ciki ne. Sake." Muka yi tare.

Na goge farar rigata na rataye. Ran Litinin in an dawo daga coci, kafin Mestre ya taɓa akodiyan, zan hau. Ban nemi izinin kowa ba, domin in na tsaya nema bakina zai mutu. Zan riƙe ƙarfen da kaina, ba mai raɗa mini komai a bayan kafaɗa. Zan fara da Bené Torto da kifinsa in bi su ɗaya bayan ɗaya. Zan faɗi na Dona Celina da haƙoranta, a yi mata ehon da ta rasa a watan Nuwamba. Kai zan sa ka bayanta, kusa da ita. In na gama ba zan jira kowa ba, ni zan fara yi maka ehon.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Seu Gilvan da matarsa da 'ya'yansu, da ƙanwar marigayi Dona Zuleide da ke Sobral, da Mestre Nonato wanda ya rasa abokin shekara hamsin, da mahaifiyata, da duk wanda ya taɓa faɗuwa a kan dandamalin nan aka bi da shi ta kicin aka ba shi abinci. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Vô, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Yadda ka buɗe ƙofa ga wanda ba shi da wurin kwana, Allah ya buɗe maka tasa. Allah ya sada ka da Dona Celina, ka gan ta ka kira sunanta ba tare da an raɗa maka ba. Ni kuma Allah ya ba ni murya ran Litinin. Amin.